Tafiya inda sabis ba ya kaiwa: wayar tauraro ko ɗan gari?

Auwal: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Wata mai zuwa za a tura mu aikin duba rijiyoyi a wata ƙasa, yankin tsaunuka ne, kuma an ce daga inda kwalta ta ƙare sai an yi wuni guda a mota kafin a isa. Harshen mutanen wurin ba na ji, sabis kuma an ce sai wanda ya gani. Hankalin mahaifiyata ya tashi, ni kuma ina tunanin in sayi wayar tauraron ɗan'adam ko za ta samu natsuwa. Waɗanda suka saba irin wannan tafiya, me kuka gani?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Saye kawai, kada ka tsaya dogon tunani. Zamani ya wuce a ce mutum ya shiga daji an daina jin ɗuriyarsa. Da wayar a hannunka ko'ina kake a duniya za ka kira gida.

Injiniya Nura: Kabiru, ba ko'ina ba, kuma ba kowace waya ba. Auwal, kafin ka fitar da kuɗinka ka san kamfanonin ba ɗaya suke ba. Iridium yana da taurari 66 da ke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 780, shi ya sa yake kamawa har ƙarshen arewa da ƙarshen kudancin duniya. Thuraya da Inmarsat kuwa taurarinsu suna can sama, kusan kilomita 36,000, a saitin tsakiyar duniya, kuma ga wanda ke ƙasa kamar a wuri ɗaya suke tsaye. Ma'ana dole eriyarka ta fuskanci inda tauraron yake. Idan kana cikin kwazazzabo, dutse ya tare wannan ɓangaren na sama, sai ka hau tudu. Thuraya ma ba ya kaiwa nahiyar Amurka sam. Kuma dukkansu a cikin ɗaki ko ƙarƙashin duhuwar itatuwa ba sa aiki yadda ake so, sararin sama suke buƙata.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne doka. Akwai ƙasashen da shiga da irin wannan waya ba tare da izini ba laifi ne. A Indiya an haramta Thuraya da Iridium, kuma an sha kama baƙi a filin jirgi saboda ita, har da masu ɗauke da 'yar na'urar aika saƙo ta Garmin inReach, don ita ma da Iridium take aiki. Ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ka, a rubuce, tun kana gida.

Auwal: Injiniya na gode. Wallahi maganar doka ko a raina ban kawo ba.

Malam Habu: Auwal ɗana, ni direba ne, rayuwata a kan irin waɗannan hanyoyi ta ƙare, bari in tambaye ka abu ɗaya. A ce ka sayi wayar, motarku ta kafe a rafi, dare ya yi, ka kira mahaifiyarka ta ɗauka. Me za ta yi maka? Kuka za ta yi, ta kwana ba ta runtsa ba. Waya kira take yi, ba ta tura mota. Masu fitar da ku daga rafin su ne mutanen ƙauyen da kuka wuce ɗazu, da igiya da fartanya da ƙarfin damtse, kuma zuwansu da sauri ko rashin zuwansu ya danganta da yadda kuka yi da su lokacin da kuka wuce. In kun tsaya kun gaisa, kun faɗi ko ku su wane ne da inda za ku, sun san da ku. In kun bi su da ƙura kun wuce, to sai dai alherinsu.

Ban ce kada a riƙe wayar ba. Cewa na yi kada ta sa ka ji kamar ba ka da buƙatar kowa.

Kabiru: Malam, da girmanka, amma wannan maganar da ce. Yanzu ko iPhone, tun daga 14 da aka fitar a 2022, tana iya aika saƙon neman agaji ta tauraro. Ka danna, masu ceto su ga inda kake. Ina ruwan wannan da gaisuwa?

Injiniya Nura: Tana iyawa, amma ba a kowace ƙasa aka buɗe tsarin ba, sai ka duba jerin ƙasashen. Sannan ka yi tunanin wa zai amsa. A Ostareliya akwai likitocin jirgin sama na Royal Flying Doctor Service tun 1928, aikinsu ke nan, su sauka a dajin da ba kowa su ɗauki marar lafiya. A wurare da yawa na duniya kuwa saƙonka zai isa, a san inda kake daidai, amma jirgi mai saukar ungulu mafi kusa yana wata jiha ko wata ƙasa. Abin da zai faru shi ne a kira ofishin 'yan sanda mafi kusa, su kuma su nemi shugaban ƙauyen da ke kusa da kai. Ka ga an dawo kan maganar Malam Habu.

Malam Habu: Yauwa. Kuma ga abin da ba ya cin batir: takarda. Kafin ku bar garin ƙarshe, ku rubuta hanyar da za ku bi, ƙauyukan da za ku kwana, lambar mota da launinta, sunayenku, da ranar da za ku fito. Ku ba mutum ɗaya mai hankali, ku ce masa: in ranar kaza ta wuce da ƙarfe kaza ba ka ji mu ba, ka kira wane da wane. Ku sa masa lokaci takamaimai. "In ka ji shiru" ba magana ba ce, don kowa zai yi ta cewa bari mu ƙara ba su kwana ɗaya. Kuma in kun rubuta hanya, ku bi ta. Wanda ya canja hanya bai faɗa wa kowa ba, a inda ba ya nan za a neme shi.

Sadiya: Malam Habu, in mota ta lalace a inda ba kowa fa? A tafi neman taimako a ƙafa ko a zauna?

Malam Habu: A zauna da mota, 'yata, musamman a hamada ko fili mai zafi. Mota tana da inuwa, ruwanku yana ciki, kuma daga sama ko daga nesa ita ake hangowa, ba mutum ba. Sau da yawa masu nema su sami motar da wuri, mai ita kuwa ya yi gaba a ƙafa, sai daga baya a tsinci gawarsa. Allah ya kiyaye. Sai dai in kun san tabbas akwai gari a kusa kuma akwai ɗan gari tare da ku da ya san hanya, shi ma da sanyin asuba ko yamma, ba da rana tsaka ba. Ku riƙe safaya biyu, kayan faci, famfo, igiya mai ƙarfi, shebur, jarkar mai da ta ruwa fiye da lissafinku. Duk inda kuka ga mai, ku cika tanki ko da rabi ne ya rage.

Injiniya Nura: Bari in ƙara kan wayar hannu ta yau da kullum, don ita ce za ku fi amfani da ita. Ku tambayi mutanen yankin wane layi ne ke kamawa a can, kada ku dogara da taswirar da kamfani ya sa a shafinsa. Ku sayi layin ƙasar tun a babban gari, don yawancin ƙasashe sai da fasfo ake rajista, kuma a ƙauye ba za a iya yi muku ba. In da hali layi biyu na kamfanoni daban.

Idan sabis ya yi rauni, ka bar kira, ka tura tes. Saƙon tes ɗan ƙarami ne, haruffa 160, daƙiƙa kaɗan na sabis sun ishe shi, kuma in wanda ka aika wa ba ya kan layi, cibiyar kamfani za ta riƙe masa na wani lokaci ko zai dawo. Kusan kowane ƙauye mai raunin sabis yana da wurin da aka sani. Na taɓa ganin inda wurin kan wani faffaɗan dutse ne a bayan makaranta. Da yamma za ka tarar da mutane a tsaye, kowa ya ɗaga hannu sama da waya, wani ma ya sa lasifika yana magana da ƙarfi don kada ya sauke hannun sabis ya gudu. Yaro ɗan shekara goma zai kai ka wurin, abin da na'urarka ba za ta gaya maka ba.

Wayar da ke ta neman sabis a inda babu, batir take sha. Ka sa ta a yanayin jirgin sama, ka riƙa buɗewa in kun hau tudu. GPS ba ya buƙatar layi ko data, sauraron taurari kawai yake yi, don haka taswirar da ka sauke tun a gida za ta nuna maka inda kake. Sai dai ta Google in babu intanet hanyar mota kawai take zana maka, ban da ta ƙafa. Manhajojin taswira na OsmAnd da Organic Maps sun fi nuna ƙananan hanyoyi a wurare da yawa.

Kabiru: Ni shawarata ya haɗa da ƙaramar waya mai madannai, mako guda take yi ba caji.

Injiniya Nura: Shawara ce mai kyau, da sharaɗi. Ka tabbata ƙasar ba ta rufe tsohon tsarin da wayar ke aiki da shi ba. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022, Ostareliya ta bi baya a 2024, 2G kuma a wasu ƙasashen an daɗe da mantawa da shi. Fawa-banki kuwa a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin kaya ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100, wato kusan mAh 27,000. Tunda tsaunuka za ku, sanyi yana zuƙe batir, da dare ka sa waya da fawa-bankin cikin bargo kusa da jikinka.

Sadiya: An ce 112 yana shiga ko babu sabis. Gaskiya ne?

Injiniya Nura: Ba haka ba ne, kuma wannan jita-jitar tana da haɗari. A ƙasashe da yawa in ka kira 112 wayarka za ta hau duk layin da ke wurin ko ba naka ba ne. Amma in babu ƙarfen sabis na kowane kamfani da ke kaiwa wurin, babu abin da zai shiga. Abin da ke aiki a irin wannan wuri shi ne na'urar neman agaji da ake kira PLB. Tana aika sigina a kan MHz 406 zuwa taurarin Cospas-Sarsat, tsarin da ya fara ceton mutane tun 1982. Ba a biyan kuɗin wata, sai dai a yi mata rajista da sunanka. Ba a magana da ita, danna ta kawai ake yi, kuma sai rai na cikin haɗari.

Hajiya Rabi: Kun yi ta maganar waya, ni bari in yi ta jiki, tunda aikin jinya na yi har na yi ritaya. Auwal, abin da ya fi kwantar da matafiya ba zaki ba ne, ba ɓarayi ba ne, ruwa ne. Ruwan da 'yan gari ke sha lafiya lau kai zai iya sa ka gudawa. Ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa sosai, in kun haura mita 2,000 a tsauni ka bar shi minti uku. Ka riƙe ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ba mai gudawa, da yawa. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali. Kada a ƙara gishirin.

Na biyu kare. Ko cizo ko yakushi, ko lasa a kan ciwo, ka wanke wurin da sabulu da ruwa minti goma sha biyar cur, sannan a juya mota a nufi asibiti, aiki ya jira. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Akwai allurar rigakafi da ake yi kafin tafiya, guda biyu, tsakaninsu mako ɗaya. Ba ta hana a ƙara maka allura in an cije ka, amma tana raba ka da neman wani magani mai wuyar samu da ake zubawa a bakin ciwon, wanda ƙananan asibitoci ba su cika ajiyewa ba.

Na uku maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda saran maciji. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, ƙafa ake rasawa ta haka. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum, kada ya taka. Tun ranar da kuka isa ku tambaya wane asibiti ne ke da allurar kashe dafi, don ba kowanne ba ne, kuma ba a tsakar dare ake fara wannan tambaya ba.

Auwal: Hajiya Allah ya saka da alheri. Tsaunin fa, an ce wasu ƙauyukan sun haura mita 3,000.

Hajiya Rabi: To ka kula. Daga mita 2,500 iska takan fara yi wa jiki kaɗan, ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Ƙarfin jiki ko ƙuruciya ba sa hanawa. In kun wuce 3,000, kada wurin kwananku na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko numfashi na yi masa wuya yana zaune, a sauko da shi nan take ko da dare ne. Kuma ka karanta takardar inshorarku da idonka, ka ga ko ta ƙunshi ɗauko marar lafiya, don wasu suna da iyakar tsayin da suke biya.

Zainab: Ni kuma ɓangaren mutane zan taɓa, don aikin bincike nake yi a ƙauyuka kuma a nan na ga ayyuka da yawa sun lalace. Kowane wuri yana da ƙofa. A Fiji ba ka shiga ƙauye haka kawai, sai ka kai wa shugaban ƙauyen saiwar kava, abin da suke kira sevusevu, ka cire hula, a karɓe ka, sannan ka zama baƙonsu. A arewacin Ostareliya, shiga Arnhem Land sai da takardar izini daga majalisar masu ƙasar. A Mongoliya ba a taka dokin ƙofar tantin makiyayi, tsallakewa ake yi, kuma abin da aka miƙo maka da hannun dama kake karɓa. A Nepal da Tibet in ka zo wurin ibadarsu ko bangon duwatsun da suka rubuta addu'o'i, ta hagu kake bi, ya kasance yana damarka. Ba wanda zai haddace na duniya duka. Abin da za ka iya shi ne ka tambayi ɗan jagoranka tun a mota: wa za mu fara gaisarwa, me ake kaiwa, ina ne ba a shiga, me ba a yi a gaban manya.

Kuma ka ɗauki ɗan jagora daga yankin kansa, ba daga babban birni ba. Mutumin birni yana iya jin harshen amma ba a san gidansu ba, wani lokaci ma akwai tsohuwar tsama tsakanin mutanensa da na wurin, kai ba ka sani ba ka shigo da shi a gaba.

Kabiru: Tafinta kuma ai waya ta ɗauke wannan nauyin. Ka yi magana ta fassara.

Zainab: Ga manyan harsuna, e, tana taimakawa, in ka sauke harshen tun da intanet. Amma duniya tana da harsuna wajen 7,000, kuma waɗanda manhajar ta sani ba su kai ko kashi ɗaya cikin goma ba. Harsunan lungu su ne daidai waɗanda babu. Ko da akwai, dattijo ba zai buɗe maka cikinsa kana miƙa masa waya a baki ba. Ka koyi gaisuwa, godiya, ban haƙuri, ruwa, asibiti, da ƙidaya zuwa goma. Za ka faɗa a karkace, za a yi murmushi, amma daga nan fuska take sakewa.

Sannan yadda ake tambaya. Kada ka ce "wannan ce hanyar gari kaza?" A wurare da yawa kunya da kara ba za su bar mutum ya ce wa baƙo a'a ba, sai ya gyaɗa kai. Ka ce "ina hanyar gari kaza?" ka bar shi ya nuna. Kada ka tambayi kilomita, ka tambaya in an tashi da hantsi yaushe ake isa, kuma a ƙafa ne ko a babur, da rani ne ko da damina. Ka tambayi mutum biyu ko uku daban.

Tunda rijiyoyi za ku duba, ku nemi mace a cikin masu yi muku tafinta. Mata ne ke ɗiban ruwa, su suka san wace rijiya ke ƙafewa a wane wata, kuma a wurare da yawa ba za su zauna da baƙon namiji ba.

Sadiya: Anti Zainab, ni inda nake da ja shi ne wannan maganar ta bin al'ada. Ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. To in aka miƙo mini abin da addinina ko lafiyata ba su yarda da shi ba fa? Na ji an ce a Mongoliyar nan madarar goɗiya da ta yi tsami har ta fara bugarwa ake ba baƙo.

Zainab: Gaskiya ne, airag suke ce mata. Amma girmama mutane daban, yin duk abin da suke yi daban. Ba a ce ka sha ba. Abin da ke ɓata rai shi ne yamutsa fuska, ko kau da kai, ko ture ƙwarya. Tun kafin a zauna ka gaya wa tafinta abin da ba ka ci ba ka sha, shi zai san yadda zai faɗa da harshensu ba tare da an ji kunya ba. Mutanen da ke da nasu abubuwan da suke ƙauracewa sun fi kowa gane mai cewa addinina ya hana ni.

Malam Habu: Haka ne. Ni ban taɓa ganin inda aka kori baƙo don ya ce ba ya shan abu ba. Amma na ga inda aka juya wa mutane baya don sun ƙi zama. An shimfiɗa musu, suka ce sauri suke yi, suna tsaye suna duba agogo. Washegari ko mai nuna musu hanya ba su samu ba.

Kabiru: To hoto fa? Ni ina ganin an cika tsanantawa. Mutum ya yi doguwar tafiya a ce kada ya ɗauki hoto?

Zainab: Ba a ce kada ka ɗauka ba, an ce ka tambaya, kuma ka yarda in an ce a'a. Ka auna da kanka: baƙo ya tsaya a ƙofar gidanku ya ɗauki mahaifiyarka tana aiki, ya sa a Facebook. Yara kuwa sai da yardar iyayensu. Maƙabarta, wuraren ibada, bukukuwan da ba na kowa ba, a bar su sai an ce maka bismillah. Dutsen Uluru a Ostareliya shekaru mutanen Anangu suna roƙon baƙi su daina hawa saboda tsarkinsa a wurinsu, ana hawa, sai a watan Oktoba na 2019 aka rufe hawan gaba ɗaya. Akwai ma inda girmamawar ita ce kada ka je sam. Tsibirin North Sentinel dokar Indiya ta hana kusantarsa, wani Ba'amurke ya saɓa a 2018 ya rasa ransa, kuma su kansu mutanen tsibirin murar da baƙo ya kawo tana iya ƙarar da su, don jikinsu bai san ta ba.

Injiniya Nura: Na hukuma kuma ya fi tsanani. Gada, barikin soja, filin jirgi, shingen bincike, kada kyamara ta ko kalli wurin. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto shi ma a bincika dokarsa, a Maroko a kwastan ake karɓe shi.

Sadiya: Ni ina riƙe alawa da biro in raba wa yara. Laifi ne?

Hajiya Rabi: Niyyarki mai kyau ce 'yata, amma ki daina. Yara suna koyon bin mota da gudu suna miƙa hannu, wasu har su bar aji don baƙi sun zo, kuma a wurin da babu likitan haƙori alawa ba alheri ba ce. Magani ma haka, kada ku raba ƙwayoyi don an roƙa. In kuna da abin bayarwa ku ba malamin makaranta ko ma'aikacin ɗakin shan magani a gaban shugaban gari.

Sadiya: Hajiya na ji ta magani da alawa, amma biro da littafi ban ga cutarwarsu ba, musamman in yaro ya raka ka ya nuna maka hanya.

Zainab: Wanda ya yi maka aiki ka biya shi, wannan haƙƙi ne. Ka tambayi ɗan jagora abin da aka saba bayarwa, kada ka rage, kada kuma ka zuba abin da zai sa gobe kowa ya bar gonarsa ya jira baƙo. Abin da na fi jin tsoro shi ne alkawari. Za a kawo muku koke, na asibiti, na hanya, na makaranta. Kada ka ce "za mu duba" don ka fita kunya, a wurinsu ka ɗauki alkawari ke nan, kuma waɗanda za su zo bayanku su za su biya bashin.

Malam Habu: Kuɗi kuma a riƙe tsaba, ƙananan takardu, don canji wahala yake a ƙauye, na'urar cirar kuɗi kuwa a garin ƙarshe za ku bar ta. In dala za ku canja, ku nemi sababbi marasa yagewa, wurare da yawa ba sa karɓar tsofaffi. A raba kuɗin gida biyu ko uku. Fasfo da takardar izinin aiki a yi musu kwafi da yawa, a shinge kwafin ake fara miƙawa. A shingen kuma a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a cire baƙin tabarau, in dare ne a kashe babbar fitila a kunna ta cikin mota. Mafi alheri ma kada dare ya same ku a hanya.

Auwal: Na rubuta duka. Zan yi wa shugaban tawagarmu maganar na'ura ɗaya ta tauraro ta mu duka, in dokar ƙasar ta yarda. Hajiya, allurar rigakafin ciwon shawara fa, na yi tun ina makaranta, sai na sake?

Hajiya Rabi: In katin yana nan ba sai ka sake ba, tun 2016 aka mayar da shi na har abada. In ya ɓata ko ba ka da tabbas, ka je cibiyar da aka amince da ita cikin makon nan, don sabon kati sai bayan kwana goma yake fara aiki. Ka haɗa da maganar allurar kare da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro in yankin yana da shi. Kuma duk wanda ke shan magani kullum a cikinku ya ɗauki fiye da na kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali.

Injiniya Nura: Na'urar kuma ku gwada ta a fili tun kafin ku tashi, kowa a cikinku har direba ya iya kunna ta ya karanta lambobin da ke nuna inda kuke. Lambobin wayar da za a kira a rubuta a takarda a manna a jikinta.

Malam Habu: Saura ɗaya, Auwal. Ranar fitowa ku koma wurin wanda ya karɓe ku ku yi sallama, ku gaya masa abin da kuka gani a rijiyoyinsu, don ruwansu ne, suna da haƙƙin ji kafin ofis ya ji. Kuma da zarar sabis ya dawo, kiran farko na mutumin nan ne da kuka bar wa takarda. In kun manta shi, lokacin da kuka sa masa zai cika, ya tayar da mutane su shiga daji neman waɗanda suke kwance a masauki.